Afisa, Garin da Teku Ta Gudu Ta Bari

A ƙarshen watan Oktoba na shekara ta 451, wasu dattawa biyu suka gurfana gaban babban taron shugabannin coci a garin Kalsidon, wanda yau unguwa ce a cikin Istanbul ana ce mata Kadikoy. Ɗaya sunansa Basiyanus, ɗayan Istifanus. Kowannensu ya dage shi ne bishop na Afisa, abokin shari'arsa kuwa ɗan fashin kujera ne.

Basiyanus ne mai ƙara. Ya ce tun yana saurayi yake hidimar talakawan Afisa, har ya gina masauki mai gado 70 domin marasa lafiya da marasa galihu. Farin jinin da ya yi sai ya tsone wa bishop na lokacin, Memnon, ido. Memnon bai kore shi ba, cewa ya yi zai ɗaukaka shi. Ɗaukakar kuwa ita ce a naɗa shi bishop na wani ɗan ƙaramin gari mai suna Ebaza, tun da dokar coci ta hana bishop barin garinsa ya koma wani. Da haka an rufe masa ƙofar Afisa ke nan har abada. Basiyanus ya ce atafau ba ya so. A faɗarsa, nan gaban bagaden coci aka yi ta jibgarsa tun hantsi har rana ta take tsaka, sai da jininsa ya ɓata bagaden da littafin Linjila, sannan aka ɗora masa hannu aka ce ya zama bishop. Bai taɓa taka Ebaza ba. Ya yi zamansa a Afisa har Memnon ya mutu, magajin Memnon shi ma ya mutu, sannan wajen shekara ta 444 ya hau kujerar. Ya yi shekara huɗu a kai da yardar sarkin Rumawa. Rannan a lokacin bikin Ista, limaman da suka gama ibada tare da shi suka cafke shi, suka tuɓe masa rigar muƙami, suka kulle shi, suka naɗa Istifanus.

Istifanus ya ce ba haka aka yi ba. Ya ce da gungun 'yan daba masu takubba Basiyanus ya kutsa coci ya zauna kan kujera, babu taron da ya zaɓe shi. Shi kuwa shekararsa 50 cikin limaman Afisa, kuma bishop 40 ne suka naɗa shi.

Wace irin kujera ce wannan da ake zubar da jini a kanta? Amsar tana cikin tarihin garin, wanda ya girme wa waɗannan dattawa da shekara fiye da dubu.

Afisa tana gaɓar yammacin ƙasar da yau ake kira Turkiyya, kudu da Izmir. Girkawa ne suka tsallako teku suka kafa ta wajen ƙarni na 10 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, a bakin wani kogi da suke kira Kayista. Abu biyu suka yi wa garin arziki. Na farko tashar jiragen ruwa, domin nan hanyoyin fatake daga cikin ƙasa suke ƙarewa, kaya su hau jirgi. Na biyu ɗakin gunkiyarsu Artamis. A kan fadama aka gina shi, kuma marubucin Rumawa Filini ya ce sai da aka shimfiɗa gawayi da buzun tumaki kafin a kafa harsashi. Ya ce ginshiƙansa 127, kowanne tsawon wajen mita 18. Mutanen da suka lissafa abubuwan mamaki bakwai na duniya sun sa shi a ciki. Ba wurin bauta kaɗai ba ne. Nan attajirai da sarakuna suke ajiyar dukiya, nan mai laifi yake gudu ya fake ba a taɓa shi, nan kuma baƙi suke tururuwa suna kashe kuɗi.

Mutanen Afisa sun san darajar abin da suke da shi, sun kuma iya ciniki da shi. Wajen shekara ta 560 kafin Miladiyya, sa'ad da Kurosus sarkin Lidiya ya kewaye garin da yaƙi, sai suka ɗaura igiya daga ganuwa har ɗakin Artamis, wai garin duka ya zama nata, wanda ya taɓa shi ya taɓa ta. Kurosus ya ci garin, amma shi ne ya ƙare da biyan kuɗin ginshiƙai da yawa, gutsattsarin wasu ɗauke da sunansa suna gidan tarihi na Landan har yau. A shekara ta 356 kafin Miladiyya wani mutum mai suna Hirostaratus ya banka wa ɗakin wuta, da aka matsa masa ya ce suna yake nema. Aka kashe shi, aka kafa dokar kada kowa ya sake ambatar sunansa. Wani marubucin tarihi ya rubuta sunan duk da haka, shi ya sa muka san shi. Da Iskandar Mai Girma ya zo a 334 ya ce zai biya kuɗin sake ginin muddin a rubuta sunansa a jiki, mutanen gari suka ƙi cikin ladabi, suka ce ai bai kamata abin bauta ya gina wa abin bauta ɗaki ba. Da aljihunsu suka gina.

Duk wannan ana yi, kogin Kayista yana nasa aikin. Kowace shekara idan ruwa ya sauka a kan duwatsu, sai ya kwaso laka da yashi ya juye a bakin teku. A farkon zamani ruwan teku yana zuwa kusa da ɗakin Artamis. Sannu a hankali ya riƙa ja da baya, inda jirage suke tsayawa ya koma fadama, sauro ya samu gida. Wajen shekara ta 290 kafin Miladiyya, Lisimakus, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin Iskandar, ya ga ba dama, ya gina sabon gari a tsakanin duwatsu biyu kusa da ruwa mai zurfi, ya kewaye shi da ganuwa. Mutane suka ƙi tashi daga gidajen kakanninsu. Masanin ƙasa Sitarabo ya ba da labarin yadda aka yi da su: sarkin ya jira ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ya sa aka toshe magudanan tsohon garin. Da ruwa ya cika ɗakuna, ba wanda ya jira a roƙe shi.

Sabuwar tashar ma kogi bai ƙyale ta ba. Wani sarkin Fargamum, Atalus na biyu, ya sa aka gina katanga a cikin ruwa aka matse bakin tashar, da nufin ta ƙara zurfi manyan jirage su shiga. Garin neman gira aka rasa ido. Da can igiyar ruwa tana shiga ta kwashe laka ta fitar, yanzu laka ta shiga ba ta da hanyar fita. A zamanin Rumawa, sa'ad da Afisa ta zama mazaunin gwamnan lardin Asiya, yashe tashar ya zama aikin kowane mai mulki. An yashe ta a zamanin Sarki Nero. Sarki Hadiriyan ya sa aka karkatar da kogin. Wajen shekara ta 147 Miladiyya wani gwamna ya sa aka sassaƙa doka a jikin dutse, yana hana masu yankan dutse aiki a bakin tashar saboda ƙurar aikinsu tana cike ruwa, yana kuma hana masu katako jibge kaya a wurin.

A wannan zamani garin ya kai ƙololuwarsa. Akwai dandalin kallo da aka sassaƙa a jikin dutse mai cin mutum kusan 25,000, da ɗakin karatu na Selsus mai littattafai kimanin 12,000, da gidajen wanka, da tituna shimfiɗe da farin dutse. Cikin wannan birni ne Bulus, mai wa'azin addinin Kirista, ya sauka a shekarun 50 na Miladiyya, ya yi sama da shekara biyu. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin abin da ya biyo baya. Wani maƙerin farfaru mai suna Dimitiriyas, wanda sana'arsa ƙera ƙananan siffofin ɗakin Artamis na azurfa yana sayar wa baƙi, ya tara 'yan sana'arsa ya ce musu mutumin nan zai kashe musu kasuwa. Gari ya ruɗe, jama'a suka cika dandalin kallo suna yi wa Artamis kirari har wajen awa biyu, da yawansu ma ba su san abin da ya tara su ba. Magatakardan gari ne ya kwantar da ƙurar, ya ce mai ƙara ya je kotu, kada Rumawa su ce an yi tawaye.

Tsoron Dimitiriyas ya tabbata, sai dai ya ɗauki shekaru ɗaruruwa. Wajen shekara ta 262 mayaƙan Gotawa suka zo ta teku suka washe ɗakin Artamis suka ƙone shi. Bayan sarakunan Rum sun karɓi addinin Kirista aka rufe shi, magina suka riƙa kwasar duwatsunsa.

Martabar da ɗakin Artamis ya bari, kujerar bishop ce ta gada. Kiristocin Afisa suna cewa Timoti, almajirin Bulus, shi ne bishop ɗinsu na farko, kuma Yohanna, almajirin Annabi Isa, a garinsu ya tsufa ya mutu, kabarinsa yana kan wani tudu a bayan gari. Ba kowane birni ke da irin wannan tutiya ba. Wajen shekara ta 190, da bishop na Roma, Bikta, ya ce a daina yin Ista a ranar da mutanen Asiya suka saba, bishop na Afisa mai suna Folikaratis ya rubuta masa cewa danginsa bakwai sun yi bishop shi ne na takwas, barazana ba ta razana shi. A lokacin, mai kujerar Afisa shi ke shugabancin bishop-bishop na garuruwa masu yawa, shi ke naɗa su, a hannunsa gonakin coci da baitulmalinta suke.

Inda dukiya ta taru kuwa, sai an samu mai lasa. A shekara ta 400 aka kai ƙarar bishop Antoninus na Afisa gaban Yohanna Kirisostom, bishop na Kustantiniya, birnin da fadar sarki take. Aka ce ya narkar da kwanonin azurfa na coci ya ba ɗansa, ya ciro farin dutse daga wurin baftisma ya kai ɗakin wankansa, ya kafa ginshiƙan coci a ɗakin cin abincinsa, kuma yana sayar da muƙamin bishop, kowane gari da farashinsa gwargwadon abin da ake samu a cikinsa. Antoninus ya mutu kafin a yanke hukunci. Kirisostom ya taso da kansa ya zo Afisa, inda bishop shida suka amsa cewa saye suka yi. Roƙonsu ɗaya: ko a bar su a kujerunsu ko a mayar musu da kuɗinsu, don wasu har kayan matansu suka haɗa suka biya. Aka sauke su, aka ce magadan Antoninus su biya su. Abin da mutanen Afisa ba su lura da shi sosai ba a lokacin shi ne, baƙo daga fadar sarki ya shigo gidansu ya yi shari'a ya naɗa musu bishop. An buɗe ƙofar da ba za ta sake rufuwa ba.

A shekara ta 431 idon duniyar Kirista duka ya koma Afisa. Gardama ta ɓarke tsakanin Nastoriyus na Kustantiniya da Siril na Iskandariya a kan laƙabin da ya dace da Maryamu. Siril da mutanensa suna kiranta mahaifiyar Allah, bisa aƙidarsu game da ɗanta, Nastoriyus ya ce a tsaya a mahaifiyar Almasihu. Sarki Tiyodosiyus na biyu ya kira taro a Afisa. Siril ya iso ta jirgin ruwa da bishop wajen 50 daga Masar. Memnon, wancan dai da Basiyanus ya ce ya sa an doke shi, ya tsaya bayan Siril, ya rufe wa Nastoriyus ƙofofin cocin garin kaf. Aka zauna jiran Yohanna na Antakiya da mutanen Sham, waɗanda ake sa ran za su kare Nastoriyus. Zafi ya yi tsanani, wasu tsofaffi suka kwanta ciwo, wasu suka mutu. Ranar 22 ga Yuni Siril ya ce ya gaji da jira, ya buɗe taro a cocin Maryamu, wakilin sarki yana hanawa ba a saurare shi ba. Kafin dare bishop kusan 200 sun sa hannu an tsige Nastoriyus. Jama'ar gari suka raka su masauki da fitilu, mata suna gaba da kaskon turare.

Bayan kwana huɗu Yohanna ya iso, ya tara nasa mutanen su 40 da 'yan kai, su ma suka tsige Siril da Memnon. Sarki ya rasa na kamawa, sai ya ce a tsare duka ukun. Daga baya iska ta juya. Har yau akwai takardar jerin kyaututtukan da aka aika wa fadawan Kustantiniya daga Iskandariya a kan wannan rigima: dardumai, labule, kujerun hauren giwa, jiminu, da zinariya mai yawa. Siril ya koma gida da nasara, Memnon ya koma kujerarsa, Nastoriyus ya ƙare a gudun hijira cikin hamadar Masar.

Shekara 18 bayan nan, a watan Agusta na 449, aka sake taro a Afisa, wannan karon Istifanus ne mai masauki. Diyoskorus na Iskandariya ya shugabanta, da sojoji da 'yan zuhudu a bakin ƙofa. Aka tsige Filabiyan na Kustantiniya, aka wulaƙanta shi, bai daɗe ba ya mutu. Paparoma Liyo ya kira zaman taron 'yan fashi, sunan kuma ya bi shi. Istifanus ya sa hannu a hukuncin. Da aka zo Kalsidon aka tambaye shi, sai ya ce tilas aka yi musu, a farar takarda suka sa hannu. Ya ce magatakardan Diyoskorus sun auka wa nasa magatakardan, suka goge abin da suka rubuta, suka kusa karya musu yatsu wajen ƙwace gidan alƙalami.

To, wannan ita ce kujerar da dattawan nan biyu suke ja a Kalsidon. Taron ya saurari shaidu, ya ga ba mai tsabta a cikinsu. Aka yanke cewa dukansu su sauka, kowa ya riƙe sunan bishop, cocin Afisa ta riƙa ba kowannensu tsabar zinariya 200 a shekara. Da aka zo maganar inda za a naɗa sabo, bishop-bishop na lardin Asiya suka zube ƙasa suna roƙo kada a naɗa shi a Kustantiniya, suka ce in an yi haka jini zai kwarara a Afisa. Ɗayansu ya ce daga Timoti zuwa yau bishop 27 aka yi, kusan duka a gida aka naɗa su. Limaman Kustantiniya suka tuna musu da zuwan Kirisostom. Kafin a watse, taron ya kafa dokar da ta sa lardin Asiya duka a ƙarƙashin Kustantiniya. Basiyanus da Istifanus sun rasa kujera, kujerar kuma ta rasa 'yancinta.

A cikin waɗannan shekaru na rigima ne wani labari ya fito daga Afisa wanda ya fi duk tarurrukan nan tafiya nesa. Kiristoci suna cewa a zamanin Sarki Dakiyanus, wajen shekara ta 250, wasu samari sun ƙi bautar gumaka suka ɓuya a kogo, aka toshe bakinsa. A zamanin Tiyodosiyus na biyu suka farka, suka aiki ɗayansu sayen gurasa. Da ya miƙa tsohon kuɗi, mai gurasa ya zaci ya tono taska, aka kai shi gaban gwamna da bishop. Wani malamin coci na ƙasar Sham, Yakubu na Saruj, wanda ya mutu a 521, yana cikin waɗanda suka fara rubuta labarin. Duk wanda ya saba karanta Suratul Kahfi ranar Juma'a zai ji ƙamshin ƙissar As'habul Kahfi. Alƙur'ani bai ambaci sunan garin ba, amma malaman tafsiri da dama sun kawo sunan Afsus da na Dakiyanus. Akwai wasu wurare da su ma suke cewa kogon nasu ne, irin su Afshin da Tarsus a Turkiyya da wani kogo kusa da Amman a Jodan. Na Afisa dai masu tonon tarihi sun buɗe shi a ƙarshen shekarun 1920, suka tarar da coci da ɗaruruwan kaburbura na mutanen da suka so a binne su kusa da samarin.

A ƙarni na 6 Sarki Jastiniyan ya gina katafaren coci mai ƙubba shida a kan kabarin Yohanna. Wannan gini ya riƙa janye mutane daga tsohon birni. Ƙasa ta girgiza a farkon ƙarni na 7, yaƙin Farisa ya biyo, rundunonin Larabawa suka kawo hari a zamanin Mu'awiya da bayansa. Tashar kuwa ta zama tafki, sai ta wata doguwar hanyar ruwa ake isa gare ta, ita ma kullum tana ƙara cikewa. Wanda ke da hali ya hau tudu inda akwai ganuwa kuma sauro bai kai na ƙasa ba. Bishop ma can ya koma. Sabon garin na kan tudu shi ne Turkawa suka kira Ayasuluk.

A shekara ta 1304 Turkawa suka ci garin, ya shiga hannun gidan sarautar Aidin. Bai mutu nan take ba, har ma ya farfaɗo, fataken Banis da Janowa suna zuwa sayen hatsi. A farkon shekarun 1330 Ibn Baɗuɗa ya bi ta nan, shi dai wannan matafiyi da daga baya, a 1353, ya isa Takedda ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai tagulla. Ya tarar cocin Jastiniyan ta zama masallacin Juma'a, ya yaba kyanta ƙwarai. Ya kuma yi wani kuskure: ya gamu da mai garin, Hidir Bek, a bayan gari, ya gaishe shi yana bisa doki bai sauka ba. Mai gari ya ji haushi, duk kyautar da ya aika masa riga ɗaya ce.

Wannan Hidir Bek ne bishop Matiyu ya tarar. An naɗa Matiyu bishop na Afisa a 1329, amma sai da ya yi wajen shekara goma kafin ya iya shiga garinsa, shi ma sai da ya kai gaisuwa mai tsoka. Wasiƙunsa sun wanzu. Ya roƙi a mayar masa da babbar cocin da gidan bishop da gonaki, aka hana shi, aka ba shi wani ɗan ƙaramin ɗakin ibada ya zama cocinsa ya zama gidansa. Yawancin Kiristocin da ya samu bayi ne da kamammun yaƙi. Da dare ana jifan rufin ɗakinsa da duwatsu. Magajin Memnon ke nan, Memnon ɗin da a da ya rufe wa bishop na fadar sarki ƙofa.

A 1375 aka gina masallacin Isa Bek a gindin tudun, wani magini ɗan Dimashƙa ya zana shi, aka ɗauko manyan ginshiƙansa daga kangayen tsohon birni. Yana nan tsaye ana salla a ciki. Daular Usmaniyya ta karɓi garin dungurungum a 1425. Daga nan ciniki ya koma Izmir da Kushadasi inda ruwa ke da zurfi, zazzaɓin cizon sauro ya kori sauran jama'a, Ayasuluk ta zama ƙauye.

Sunan kujerar ya fi garin tsawon rai. A taron Fulorans na ƙasar Italiya a 1439, sa'ad da sarkin Rumawan gabas ya matsa wa limamansa su haɗe da Paparoma don a taimake shi yaƙin Turkawa, Markus na Afisa ya ƙi sa hannu, ya tsaya a kan bakansa. An ruwaito cewa da Paparoma ya ji haka ya ce to ba a yi komai ba ke nan. Haka kuwa aka yi, haɗin bai kama ba. A ƙarnonin da suka biyo masu laƙabin bishop na Afisa a Manisa suka riƙa zama, daga baya a wata unguwa kusa da Izmir. A 1922 aka naɗa Kirisostomos Hajistaburu. A shekarar nan rundunar Girka ta karye a yaƙinta da Turkiyya, Girkawan yankin suka tsere, yarjejeniyar musayar jama'a ta 1923 ta kwashe ragowar. Shi kansa ya ƙare a matsayin babban bishop na Atina, daga 1962 zuwa 1967. Tun daga musayar nan Afisa laƙabi ce kawai, babu mabiya a ƙarƙashinta.

Ɗakin Artamis kuwa ɓacewa ya yi ƙurmus, har aka rasa wanda zai nuna inda yake. A 1863 wani Bature ɗan Ingila, John Turtle Wood, wanda aikin hanyar jirgin ƙasa ya kawo shi yankin, ya fara nemansa da tallafin gidan tarihi na Landan. Shekara shida yana haƙa ramuka, zazzaɓi yana kayar da shi yana tashi. Abin da ya cece shi wani dogon rubutu ne da ya tono a dandalin kallo, na wani attajiri mai suna Salutaris, wanda a shekara ta 104 ya ba da gumakan zinariya da azurfa, ya kuma tsara hanyar da za a riƙa bi da su daga ɗakin Artamis zuwa dandalin, ta wace ƙofar gari za a shiga, ta wace za a fita. Wood ya nemo ƙofar, ya bi titin da ya fita daga cikinta yana tonawa. Ranar ƙarshe ta shekarar 1869 ma'aikatansa suka dira a kan daɓen farin dutse, wajen mita 6 a ƙarƙashin ƙasa. Iyakar lakar da kogi ya tara ke nan a kan ɗaya daga abubuwan mamaki bakwai na duniya.

Gotawa sun ƙone, Farisawa da Larabawa sun kai hari, Turkawa sun ci, amma bayan kowannensu garin ya miƙe. Lakar ce bai iya tashi daga ƙarƙashinta ba. Yau tsakanin tsohuwar tashar da bakin teku akwai kilomita 5 zuwa 6 na gonaki da fadama. Masu tonon tarihi daga Ostiriya suna aiki a wurin tun 1895, su ne suka sake tayar da fuskar ɗakin karatu na Selsus a shekarun 1970. An sauya wa Ayasuluk suna zuwa Salcuk a 1914, hukumar UNESCO kuma ta sa Afisa cikin wuraren tarihi na duniya a 2015. A filin Artamis ginshiƙi ɗaya aka harhaɗa daga gutsattsari aka tsayar.

Jiragen ruwa suna kawo baƙi har yanzu, sai dai a Kushadasi suke tsayawa, motoci su ƙarasa da mutane. A bakin ƙofar shiga kangon akwai rumfuna jere, kuma cikin kayan da ake tallatawa har da ƙananan siffofin Artamis. Bishop ya tafi, gwamna ya tafi, masu bautar gunkiyar sun ƙare tun tuni, amma sana'ar Dimitiriyas tana ci.